Yadda ake shuka furen muskari har ya riƙa yaɗuwa da kansa

Muskari ɗan ƙaramin fure ne shuɗi, tsayinsa da kyar yake wuce sentimita 15 zuwa 20, furannin nasa ƙanana ƙanana a cunkushe a kan kara ɗaya kamar nonon inabi da aka juya kansa sama, shi yasa ma a Ingila suke haɗa sunansa da inabi. Asalinsa ƙasashen gefen tekun Bahar Rum ne da Turkiyya da tsaunukan Kokasas, sunan kuma daga kalmar Girkanci ta almiski aka samo shi saboda ƙamshin wasu nau'o'insa. Yana fitowa ne daga wani ɗan curi a ƙarƙashin ƙasa mai kama da ƙaramar albasa, ni dai albasa nake ce mata kuma haka zan ci gaba da kiranta a nan, amma fa ta ado ce, kar a bar yara su sa a baki.

Na shuka shi sau ba adadi, a ƙasa da tukunya da cikin ciyawa, kuma gaskiya cikin furannin da ke fitowa bayan hunturu ban ga mai sauƙin sha'ani kamarsa ba. Abu biyu yake nema da bazai yafe maka ba, sanyi na watanni da ƙasar da bata riƙe ruwa. Na uku kuma naka ne, wato haƙuri da ganyensa bayan fure ya wuce, a nan ne yawancin sababbi suke ɓata aikinsu.

Kayan da zaka tanada

- Albasar muskari, aƙalla 50, in da hali 100 ko fiye. Guda goma basa nuna komai, ɓacewa suke a ido.
- Ƙaramin shebur na hannu, da babban shebur in zaka yi aiki cikin ciyawa.
- Manjagara don baje ƙasa.
- Ruɓaɓɓen taki wanda ya huce sosai, ko ruɓaɓɓen ganye.
- Yashi mai tsakuwa ko ƙananan tsakuwa, in ƙasarka yumɓu ce.
- Abin ban ruwa mai yayyafi, bokiti da kofi ma sun wadatar.
- Almakashi, safar hannu, da 'yan sanduna na sa alama.
- Tukunya mai huji a gindi, zurfinta aƙalla sentimita 15, ga wanda bashi da fili.
- Firji, ga wanda inda yake babu sanyin hunturu na gaske. Zan yi bayaninsa a mataki na 9.

In baka da abin awo kar ka damu, tsawon ɗan yatsanka manuni kusan shi ne zurfin da ake so, ka ɗan ƙara kaɗan.

1. Zaɓen albasa da nau'in da ya dace da kai

Ka matsa albasar da yatsu biyu, in ta yi tauri kuma tana da ɗan nauyi to lafiyarta ƙalau. Wadda ta yi laushi, ko ta bushe fayau kamar takarda, ko kaga fumfuna a gindinta, ka ajiye ta gefe. Ɓawon sama in ya ɗan ɓare ba komai. A jikin leda zaka ga an rubuta lamba kamar 8/9 ko 9/10, wannan kewayen albasar ne a sentimita, mai girma tafi ba da fure mai kauri, wani lokacin har kara biyu ko uku daga guda ɗaya.

Sunan da zaka fi gani shi ne Muscari armeniacum, shuɗi mai ƙarfi da ɗan farin layi a bakin kowane fure, shi ne mai juriya kuma shi ne mai saurin yaɗuwa. Akwai Muscari botryoides, yana da nau'i fari da ake kira Album. Akwai Muscari latifolium mai faffaɗan ganye guda ɗaya, furensa launi biyu, sama shuɗi mai haske ƙasa mai duhu kamar zai yi baƙi, wannan baya mamaye wuri kamar na farkon don haka in filinka ƙarami ne shi nake ba ka shawara. Nau'in da ake kira Valerie Finnis shuɗinsa fari fari ne kamar sararin sama da safe. Shi kuwa Muscari neglectum ka yi tunani sau biyu kafin ka sa shi a ƙaramin lambu, in ya shiga fitar da shi aiki ne ja.

Da ka saya ka shuka da wuri. Albasar ƙarama ce, tana saurin bushewa in ta daɗe a waje. In dole sai ta jira, ka zuba ta a jakar takarda ko buhun raga a wuri mai sanyi da iska, kar ka ƙulle ta a leda, gumi zata yi ta ruɓe.

2. Lokacin shuka

Da kaka ake shukawa, lokacin da zafi ya karye ƙasa ta fara sanyi amma bata daskare ba. A ƙasashen arewa masu hunturu kamar Turai da Amurka da Kanada wannan ya kama daga Satumba zuwa Nuwamba, fure kuma ya fito tsakanin Maris da Mayu gwargwadon sanyin wurin. A kudancin duniya kamar Ostireliya abin juyawa yake, shuka daga Maris zuwa Mayu. Dalilin kuwa albasar tana son ta fara yin saiwa kafin tsananin sanyi, sannan sanyin nan na watanni shi ke tayar da furen da ke kwance a cikinta. In ka makara har Disamba kuma ƙasa tana haƙuwa, ka shuka kawai, gara a ƙasa da a kwali, sai dai furen shekarar farko zai iya zuwa gajere.

3. Zaɓen wuri

A nan nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, domin duk inda ka sa muskari ka ɗauka ya zauna kenan. Yana haihuwa ta hanya biyu, kowace albasa tana fitar da 'ya'ya a gefenta, sannan furen yana zubar da iri baƙi ƙanana. Bayan shekara huɗu ko biyar abin da ka shuka a ɗan lungu zaka ganshi a bakin hanya da tsakanin duwatsun daɓe da gindin wasu furannin. Wannan halin ne yasa ya tsere daga lambuna ya zama ɗan gida a daji da gefen titi a arewacin Turai da Amurka da Ostireliya, a wasu wuraren ma kallon ciyawa ake masa. To in filinka yana maƙwabtaka da daji ko gona, ka duba ko hukumar wurin tana da wata doka a kansa, kuma kar ka taɓa zubar da rarar albasa a jeji.

Yana son rana, ko rana da 'yar inuwa. Gindin bishiyar da ke zubar da ganye da hunturu wuri ne mai kyau ƙwarai, don lokacin da muskari yake aikinsa bishiyar bata gama yin sabon ganye ba, rana tana isowa ƙasa. Gindin bishiyar da bata kaɗe ganye kuwa duhu ya yi yawa, zaka samu ganye zalla babu fure. Gefen hanyar shiga gida, bakin kwalbati na lambu, gangare, tsakanin duwatsu, duk yana yi.

Sai gwajin ruwa, kar ka tsallake shi. Ka haƙa rami kamar sentimita 30, ka cika da ruwa ka tafi harkarka. In ka dawo bayan wasu awanni ka tarar ya tsotse, wurin ya yi. In har washegari ruwa na nan kwance, wurin zai ruɓar maka da albasa da hunturu. Na taɓa asarar kusan duk abin da na shuka a wani kwari inda ruwan rufi yake zubowa, da na tono sai na tarar sun narke sun zama kamar kunu, abin ya min ciwo don wata shida na yi ina jiran furen, tun daga ranar bana shuka ko ɗaya sai na gwada wurin.

4. Gyaran ƙasa

Ka kafce kamar sentimita 20, ka tsince saiwar ciyawa da duwatsu manya, ka gauraya ruɓaɓɓen taki kaɗan. Kaɗan fa na ce, muskari baya buƙatar ƙasa mai maiƙo, taki in ya yi yawa ganye ne zai yi ta tsawo yana kwanciya. Ɗanyen kashin dabbobi kuwa sam, yana ƙona albasa. Ƙasar yumɓu a zuba mata tsakuwa da ruɓaɓɓen ganye, in abin ya gagara ka tara ƙasa ka yi ɗan tudu sentimita 15 zuwa 20 ka shuka a kai, ruwa zai riƙa gangarewa.

5. Shukar kanta

Zurfi sentimita 8 zuwa 10, tazara tsakanin albasa da albasa sentimita 5 zuwa 8. Tsinin yana kallon sama, faffaɗan gindin da saiwa ke fita yana ƙasa. In ka rasa gane sama da ƙasa ka kwantar da ita a gefe, zata nemo hanyarta.

Kar ka wahalar da kanka da haƙa rami ɗaya ɗaya don albasa ɗari. Ka kwashe ƙasar wurin gaba ɗaya zuwa zurfin da ake so kamar faffaɗan kwano, ka jera su, ka mayar da ƙasa, ka danna da tafin hannu a hankali. A tazarar sentimita 8, murabba'in mita ɗaya zai ci kusan 150, kaga dalilin da yasa na ce ka sayo da yawa. Kuma don Allah kar ka jera su layi ɗaya kamar sojoji, kyansa a taru ne, rukuni na 15 ko 25 nan da can, ko doguwar shimfiɗa mai lanƙwasa. A lambun Keukenhof da ke Lisse a ƙasar Holan haka suke yi, suna shuka shi dubbai a tsakanin bishiyoyi yana lanƙwasa har ana kiran wurin shuɗin kogi, ko a ƙaramin fili zaka iya kwaikwayon wannan da faɗin taku biyu.

In kana da tulif ko dafodil, wato wasu furannin masu albasa, ka fara sa su a ƙasa can zurfin sentimita 15 zuwa 20, ka rufe da ƙasa rabi, sannan ka sa muskari a sama. Shuɗi a gindin rawaya ko ja abin kallo ne wallahi. Kuma akwai wani amfanin, tunda ganyen muskari yana fitowa tun kaka, shi zai nuna maka inda sauran albasar suke kwance kar ka sare su da shebur.

Ka ba su ruwa sosai sau ɗaya bayan shuka don ƙasa ta zauna, ka kafa sanda a wurin.

6. Daga kaka zuwa fure

Bayan ban ruwan farko, in ana samun ruwan sama ka ƙyale su. Sai in ƙasa ta bushe ƙamas na makonni ne zaka ƙara.

Wani abu da ke tsorata sababbi, musamman daga shekara ta biyu, sai kaga ganye siriri kamar ciyawa ya fito tun watan Satumba ko Oktoba, mutum ya ɗauka ya ruɗe ne ya fito kafin lokaci sanyi zai kashe shi. Haka halinsa yake, musamman armeniacum. Ganyen zai yi hunturu a waje, bakinsa zai iya ƙonewa ya yi ruwan ƙasa saboda ƙanƙara, ba abin da zai samu furen. Kar ka yanke, kar ka tumɓuke shi da sunan ciyawa, ka kuma gaya wa duk wanda ke taya ka aikin lambu. Inda sanyi ya tsananta sosai ka ɗan yafa busasshen ganye sama sama, ka kwashe da zarar rana ta fara ɗumi.

Furen yana ɗaukar kamar sati uku, yana buɗewa daga ƙasa zuwa sama. Ka sunkuya ka shaƙa, ƙamshin baya da ƙarfi amma yana da daɗi. Ƙudan zuma suna zuwa masa sosai don a lokacin furanni basu yawaita ba, saboda haka kar ka fesa maganin ƙwari a kansa. Zaka iya cirar kaɗan ka sa a ƙaramin kofi da ruwa, yana kwana da dama.

7. Bayan fure ya wuce

Wannan matakin shi ne ke raba mai samun fure kowace shekara da mai cewa nasa ya daina yi. Furen zai bushe, ganyen zai yi tsawo ya kwanta ya yi yamutse, ba kyan gani ko kaɗan, hannunka zai riƙa ƙaiƙayin almakashi. Ka daure. A wannan makonnin ne ganyen yake haɗa abinci da hasken rana yana tura wa albasa, furen baɗi daga nan yake fitowa. Ka bar shi aƙalla sati shida, har sai ya yi rawaya ya bushe, in ka ja shi a hankali ya biyo hannunka ba gardama to lokaci ya yi. Kar ka kitse shi, kar ka ɗaure shi da roba don ya yi tsaf, duk rage masa rana kake yi. In munin ya dame ka, ka shuka wani abu mai faɗin ganye a kusa wanda zai taso a daidai lokacin ya rufe shi.

Karan furen kuma ya danganta da abin da kake so. In baka son ya yaɗu, ka yanke kan tun yana kore kafin kwanson irin ya bushe ya fashe. In kana so ya cika wuri, ka bar shi ya zubar. Irin yana ɗaukar kamar shekara uku kafin ya yi fure, shekarar farko ɗan zare ɗaya kawai zaka gani.

Da rani albasar barci take, bata son ruwa da yawa. In wurin yana cikin inda kake ban ruwa kullum da rani, wannan ma yana ruɓar da ita.

8. Yadda ake sa shi cikin ciyawa, da yadda ake rabawa

Don ya fito kamar shi ya shuka kansa, ka ɗebi albasar a hannu ka watsa a kan ciyawar, duk inda ta faɗi nan zaka shuka, sai dai in biyu sun manne ka ɗan raba. Hanya mai sauri ita ce ka yanka ciyawar da babban shebur gefe uku, ka ɗaga ta kamar murfi, ka sassauta ƙasar ƙarƙashi, ka jera albasa goma ko sha biyar, ka mayar da murfin ka taka a hankali ka ba ruwa. Ciyawa mara kauri tafi dacewa, mai kauri sosai tana danne shi. Kuma ka sani wannan ɓangaren ba zaka sa masa injin yankan ciyawa ba sai ganye ya bushe, shi yasa nake sa shi a gefe ko kewayen bishiya inda doguwar ciyawa bata damun kowa. Maganin kashe ciyawa ma kar ya je wurin.

Bayan shekara uku zuwa biyar zaka lura ganye ya yi cunkus fure ya ragu, sun matse juna kenan. Da rani bayan ganye ya bushe ka tono curin gaba ɗaya, ka ɓantare su da hannu, manyan ka mayar da tazara, ƙananan ka kai wani wuri ko ka ba maƙwabta, su sai sun shekara ɗaya ko biyu kafin su yi fure. In kuma rage su kake son yi, ka tankaɗe ƙasar da rariya mai manyan ido don 'ya'yan da basu kai ƙwayar wake ba ma tsirowa suke, kuma ka sa ran maimaita aikin shekara biyu ko uku a jere. Wanda ka cire ka sa a shara, in ka zuba a ramin taki zai dawo maka lambu ta bayan gida.

9. Tukunya, da dabarar firji ga wanda bashi da hunturu

A tukunya ana matsa su fiye da ƙasa, kusan su taɓa juna amma kar su taɓa. Ka haɗa ƙasar tukunya kashi uku da tsakuwa kashi ɗaya, zurfin shuka kamar sentimita 5 zuwa 8, ka ba ruwa ka ajiye a waje inda ruwan sama bazai cika ta ba. Ka ɗora tukunyar a kan bulo biyu don hujin ya riƙa zubarwa. Inda ake daskarewa sosai ka matsar da ita jikin bango ko ka naɗe ta da buhu, don albasar cikin tukunya tafi ta ƙasa jin sanyi.

In inda kake babu wannan sanyin, firji ne zai zama hunturunka. Ka shuka a tukunya, ka jiƙa ƙasar ta yi danshi kawai, ka sa a leda mai huji ka ajiye a ɓangaren da sanyinsa yake tsakanin digiri 4 zuwa 9, na sati 12 zuwa 15. Banda ɓangaren ƙanƙara, can kashe ta zai yi. Kar ka haɗa ta da tuffa ko wasu nunannun 'ya'yan itace, suna fitar da iskar etilin mai lalata furen tun yana cikin albasa, sai ka gama jira ka samu ganye kawai. In firjin bashi da wurin tukunya, ka sa albasar zalla a jakar takarda tsawon wannan lokacin sannan ka shuka nan take ranar da ka fito da ita. Duk sati biyu ka leƙa, in ƙasa ta bushe ka ɗan yayyafa.

Da ka ga saiwa ta leƙo ta hujin gindi kuma tsiro ya kai sentimita 3 ko 5, ka fito da ita wuri mafi sanyi a gidan mai haske amma ba rana kai tsaye ba, bayan kwana uku ko huɗu ka matsar kusa da taga. Sati biyu zuwa uku zaka ga fure. Ka daidaita lissafinka yadda fitowar zata faɗo a watan da yafi sanyi a wurinku, zafi yana sa furen ya yi gajere ya bushe cikin 'yan kwanaki. A wuri mai zafi albasar da ta yi fure sau ɗaya da wuya ta sake yin abin kirki, ka ɗauke ta a matsayin ta shekara ɗaya ka sayi sabuwa.

10. In abu ya ƙi

Ganye ba fure, ka duba huɗu, inuwa ta yi yawa, ko sun cunkushe, ko an yanke ganye da wuri bara, ko sanyi bai isa ba. Ba abin da ya fito kwata kwata, ka tona ka gani, galibi ruwa ne ya ruɓar da su. Barewa da zomo da ɓera basu cika damunsa ba kamar yadda suke yi wa tulif, dodon koɗi ne kawai kan ɗan ci ganyen, ka tsince su da yamma. In kaga ganye da zane zane rawaya kuma shukar ta tsumbure, cutar bairos ce da ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye suke yaɗawa, bata da magani, ka tono wannan curin duka har da 'ya'yansa ka jefar a shara, ka wanke shebur ɗin da sabulu kafin ka taɓa sauran.